Ranar da Mama Rifkatu Ta Hau Sikeli

Baba Ishaya ya tafi.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina tsugune a bakin shagona a Gonin Gora ina kwance bakin buhun citta, waya ta yi ƙara, na ga sunan Mama Rifkatu, matarsa. Da dariya ma na ɗauka, don na zaci za ta ce in taho mata da daddawa. Sai na ji ta ce, "Kande, Babanki ya huta."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

In kun ga kuskure a rubutun nan, ku yi mini haƙuri.

Mutanen unguwarsa Romi, ba sai na gaya muku ko wane ne ba. Ku da ba ku san shi ba, shi ne tsohon nan mai jirgi. E, jirgin sama nake nufi. Yana nan cikin gidansa, ƙarƙashin rumfar kwano, gefen bishiyar mangwaro. Da hannunsa ya ƙera shi bayan ya yi ritaya daga kamfanin haɗa motoci.

Ba shi ya haife ni ba. Coci ɗaya muke zuwa, shi ke nan. Amma tun da na zo Kaduna ina amarya, ban san kowa ba, ban san ko hanyar kasuwa ba, shi da Mama ne suka riƙe ni kamar 'yar cikinsu.

Mutum ne da ba ya iya wuce ƙofa mai kuka. Kullum akwai ɗan gwangwanin mai a aljihun rigarsa. Ko gaisuwa ya zo gidanka, in get ɗinka ya yi ƙii, sai ya ɗiga masa mai kafin ya tambaye ka lafiyar iyali. Ƙofar cocinmu ma shi ya hana ta tona asirin masu makara.

Ran Asabar kuwa, matan layinsu kowa da wuƙarta take zuwa, ya wasa musu, yana yi yana tsokanarsu wai wuƙar da ta dakushe haka, da gani mai gidan ba ya kawo nama.

Ni kuma sikelina ne ya ƙara haɗa mu. Akwai lokacin da allurarsa ta fara maƙalewa, kwastomomi suka fara gunaguni a bayan idona wai Kande tana tauye awo. Na yi kuka sosai, don a sana'armu sunanka ne komai naka. Baba ya zo har shago, ya kwance sikelin nan gaba ɗaya a gaban mutane, ya fito da wata 'yar tsatsa ya ɗaga sama ya ce, "Ga ɓarawon naku. Ku bar 'yata ta huta."

Daga ranar ya sa mini suna Madam Sikeli. Daga ranar kuma ya mai da sikelina nasa, sai dai in ce aro nake yi a wurinsa.

Bari in gaya muku dalili.

Jirgin Baba komai ya kammala. Gangar jikin ta siraran bututun ƙarfe ce, fukafukan katako ne da ya lulluɓe da yadi ya shafe da fenti ruwan ƙwai. Farfelar, wato fankar nan ta gaba, da kansa ya sassaƙa ta daga icen maɗaci, ya goge ta har kana ganin fuskarka. Kujeru biyu ne a ciki, ɗaya gefen ɗaya.

Abu guda ne babu. Inji.

Hancin jirgin a buɗe yake, fanko. Shekara da shekaru haka. Har 'yan unguwa suka sa wa jirgin suna Sai Gobe, shi kuma ko a jikinsa, shi ma haka yake kiransa.

Ba wai ya rasa inji ba ne. Abokinsa Malam Sani, wanda suka yi aiki tare a kamfani tun suna samari, daga Unguwar Sanusi yake tasowa da inji a bayan a-kori-kura. Duk wanda ya kawo, sai an aiko a ɗauki sikelina. A ɗora, a auna, su zauna kan benci su yi ta musu kamar za su cinye juna, Mama ta kawo musu kunu su sha, su ɗora daga inda suka tsaya.

An kawo injin babur. Baba ya zagaya shi ya ce, "Wannan ko kaza ba zai ɗaga ba, sai dai ya yi mata fifita."

An kawo na janareta. Ƙarfi kam akwai, amma da aka ɗora shi sai da na ji tausayin sikelina.

An kawo na wata tsohuwar mota mai lagireto. Ya ce, "Sani, matata zan ɗauka ko jarkar ruwa?"

Ni da ban san komai a kan inji ba, sai da na zama 'yar gari. Ya zaunar da ni wata rana ya ce, "Madam Sikeli, a mota ƙarfi kawai ake tambaya, don ƙasa ce ke ɗauke da nauyin. A sama kuwa babu mai taya ka. Inji sai ya ɗauki kansa tukuna, sannan ya ɗauki jirgi, sannan ya ɗauke ka. In ya cika nauyi, a kansa ƙarfinsa zai ƙare."

A ƙarshe dai aka tace, aka rage guda biyu. Duka iska ke sanyaya su, ba ruwansu da lagireto.

Na farko injin Bitil ne, tsohuwar motar nan mai ƙusumbi. Ba shi da nauyi, kuma ya dace da hancin jirgin kamar don shi aka yi. Baba ya kwance shi ya sake haɗawa, yana nan a rufe da leda, ɗaurawa kawai ya rage. Matsalarsa ɗaya, ƙarfinsa daidai wa daida ne. Mutum ɗaya zai ɗauka cikin sauƙi. Mutum biyu kuwa, sai in ba su da jiki.

Na biyu injin Kombi ne, ƙaramar bas ɗin nan. Wannan zai ɗauki mutum biyu har da guzurinsu. Amma ya fi girma, ya fi nauyi. Sai an yanke hancin jirgin an sake ƙera shi, an matsar da wasu abubuwa baya don kada ya rinjaya gaba. Aikin watanni ne, ba wasa ba.

To wanne za a sa? Baba ya ce amsar tana wurin mutum ɗaya. Kujera ta biyun nan ta Mama Rifkatu ce. Ya yi mata alkawari tun suna saurayi da budurwa cewa wata rana zai nuna mata duwatsun garinsu daga sama. Sai ya san nauyinta kafin ya zaɓi inji.

Mama kuwa ta ce allambaram.

"Ni citta ce da za a ɗora ni a sikeli? Abeg, Ishaya, ka rabu da ni."

Ku da kuka san Mama a da, kun san Ubangiji ya yi mata jiki. In ta shigo taron zumuntar mata da zaninta, sai an matsa mata a benci, tana zama tana dariya tana cewa albarka ce. Ba kunyar jikinta take ji ba ko kaɗan. Amma sikeli dai ta ƙi shi ƙememe.

Babu dabarar da Baba bai yi ba. Ya ajiye sikelin a ƙofar kicin ya rufa masa buhu, ta tsallake. Ya ce ta miƙo masa spana daga saman shelf, ya tura mata sikelin wai ta taka, ta je ta ɗauko turmi.

Malam Sani ya ce a gwada da citta mana. Aka ari buhunana, aka ɗora a kujerar. Don neman magana har ya ɗauko ɗankwalin Mama daga igiyar shanya ya ɗaura wa buhun sama, ya ce, "Madam, a gyara zama." Mama ta fito da muciya a hannu. Ranar na ga dattijo mai furfura yana zagaya mangwaro da gudu, hularsa a hannu, yana cewa, "Tuba nake, uwargida!"

Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Amma wata rana muna tsinke ganyen rama ni da ita a bayan gida, na ce, "Mama, ke ma dai. Ki hau masa sau ɗaya mana ya huta."

Ta ajiye ramar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Kande, ke yarinya ce. Muddin bai san nauyina ba, ba zai zaɓi inji ba. Muddin babu inji, abin nan ba zai bar ƙasa ba. Ni mijina nake so a tsakar gida, ko da surutunsa. Ba na so a kawo mini shi a cikin buhu."

Ashe duk wasan nan tsoro ne a ƙarƙashinsa.

Bayan kwana biyu na samu Baba shi kaɗai yana goge farfela. Na ce, "Baba, kai da ka yi rayuwa da ita tun kafin a haife ni, ba za ka iya kintata nauyinta ba? Ko ka tambayi nas a asibiti?"

Ya yi murmushi ya ce, "Madam Sikeli, ni da ke ɗaga inji in gaya miki nauyinsa kafin a auna? Na sani mana."

Na ce, "To me kake jira?"

Ya ce, "Ranar da ta taka sikelin nan da ƙafarta, ranar ta yarda. Ba lamba nake jira ba, ita nake jira."

Ban gaya mata ba. Shi ma ban gaya masa abin da ta ce ba. Ina ganin kowannensu ya san na ɗan'uwansa, ni ce dai suka mayar akwatin ajiya.

Haka aka yi ta tafiya, inji biyu a kan benci, jirgi a ƙarƙashin rumfa, har damina ta bana da ciwon zuciya ya kwantar da shi.

An sha wahala. A kwanta asibiti, a sallame shi, a koma. Mama ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba. Mu 'yan zumunta mu kai abinci, ta ba shi, nata ta rufe ta ce sai an jima. Ga azumi da take yi a kai a kai. Muna ganinta kullum, shi ya sa ba mu lura da yadda take zubewa ba.

Da aka dawo da shi gida na ƙarshe, ba Baban da muka sani ba ne. Sai a fito da shi a zaunar a kujerar roba kusa da jirgi, ya yi ta kallonsa, ba ya magana. Get ɗin gidansa da kansa ya fara kuka, bai ko waiwaya ba. Wannan ne ya fi tsorata ni.

Ganina da shi na ƙarshe ran Lahadin da ta wuce ne, bayan an taso sujada. Na biya da 'yar miyar karkashi da yake so. Na tarar da Malam Sani ya zo, yana ta ƙoƙarin jan sa da musu, Baba sai dai ya gyaɗa kai.

Sikelina yana nan a gefen rumfa, ƙura ta rufe shi.

Sai ga Mama ta fito daga ɗaki, ko kayan coci ba ta cire ba. Ba ta kalli kowa ba. Ta jawo sikelin da kanta zuwa gabansa, ta kaɗe shi da gefen zani, ta tuɓe takalmanta.

Ta ce, "Ishaya, in wannan ne zai tashe ka, ga ni."

Ta hau.

Ni dai na toshe bakina da hannu.

Baba ya ce in miƙo masa tabarau. Ya sunkuya a hankali ya dubi allura. Malam Sani ma ya leƙa, sai ya yi tsalle kamar yaro ya ce, "Ishaya, an gama! Da wannan nauyin, ga kai ma ka sauke, Bitil zai ɗauke ku ku biyu har da canji. A shirye yake. Ni da kaina zan ɗaura, kana zaune kana ba ni oda. Kafin Kirsimeti ka ji kukansa a hancin jirgin nan!"

Gaskiya ya faɗa. Kuma duk wanda ke wurin ya san abin da bai faɗa ba. Bitil ne kaɗai injin da Baba zai iya gani a jikin jirginsa. Aikin Kombi ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage masa, shi ma ya sani.

Baba bai ma ƙara kallon allurar ba. Matarsa yake kallo, tun daga ƙafa har wuya, kamar yau ya fara ganinta. Rigar zumuntar da a da take cika ta, yanzu kamar an rataye a ƙusa.

Ya ce, "Rifkatu, yaushe kika koma haka?"

Ta ce, "Kai dai ka zaɓi injinka."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Wannan ba nauyin matata ba ne. Nauyin jinya ne."

Malam Sani ya ce, "Haba Ishaya, ka duba fa..."

Baba ya ɗaga masa hannu. Murya ba ƙarfi, amma irin ta da ce, ta mai ba da oda a wurin aiki.

"Sani, Kombi za a sa. Ba zan ƙera jirgi a kan ramar matata ba. In na sa Bitil, kullum sai na yi addu'a kada ta ƙara jiki. Ni kuwa so nake ta mayar da jikinta, har a riƙa matsa mata a benci kamar da."

Ya juya wurinta ya ce, "Kin ji ko? Na zaɓi babba. Saura ke ki cika kujerarki."

Mama tana tsaye a kan sikeli, hawaye na zuba, tana dariya, tana cewa, "Ji tsohon banza. Ji shi fa."

Malam Sani ya juya baya yana gyaran hula, ya daɗe yana gyaran hular nan.

Ranar Baba ya ci tuwo da karkashi fiye da yadda ya ci a wata guda. Ya sa aka kawo masa alli, ya nuna wa Malam Sani inda za a yanke hancin jirgin. Da zan tafi, na kai bakin get, ya kira ni.

"Madam Sikeli!"

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya laluba aljihu ya miƙo mini gwangwanin mai. Ya ce, "Ɗiga wa ƙofar nan, tana damuna."

Na ɗiga. Na buɗe na rufe, shiru. Ya ɗaga mini babban yatsa.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da na sani da na ƙara zama.

Yau da na rufe shago na ruga Romi, gidan ya riga ya cika. 'Yan zumunta suna waƙa a falo, maza suna jera kujeru a waje. Malam Sani yana zaune a ƙasa kusa da injin Kombi, ya dafa shi da hannu ɗaya.

Na nemi Mama a ɗaki ban gan ta ba. Aka ce tun safe ko ruwa ba ta sa a bakinta ba, an yi lallashin duniya ta ƙi.

A ƙarƙashin rumfa na same ta. Matar da ta shekara da shekaru ko inuwar jirgin nan ba ta son takawa, tana zaune a ciki, a kujerarta. Ta ɗora hannu a kan ɗaya kujerar.

Na matsa kusa da ita. Na ce, "Mama, sannu."

Ta ce, "Kande, kin ga wurin da ya rage? Ko rabi ban cika ba."

Na fashe da kuka. Ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri.

Can ta share fuska da bakin zani, ta ce, "Akwai sauran abinci a kicin?"

Na ce akwai.

Ta ce, "Zubo mini. Da yawa. Ya ce in cika kujerata."

A nan cikin jirgi ta ci, ina tsaye ina riƙe mata kofin ruwa. Tana ci tana kuka, amma ta cinye.

Ban sani ba ko Sai Gobe zai taɓa tashi. Malam Sani ya ce shi dai zai ɗaura injin da abokinsa ya zaɓa, ko da a tsakar gida za a tayar da shi a ji kukansa. Sikelina kuwa na bar shi a can. Ba na jin zan iya ɗora masa citta kuma.

Baba, ka riga mu hawa, kuma ba ka nemi inji ba.

Ya Ubangiji, kai da ka san nauyin kowace zuciya ba tare da sikeli ba, ka karɓi bawanka Ishaya, ka ba shi hutu a wurinka. Ka riƙe Mama Rifkatu, ka ɗauke mata abin da ya fi ƙarfinta. Ka ta'azantar da 'ya'yansu, da Malam Sani, da mu duka da ya ɗiga wa ƙofofinmu mai. Cikin sunan Yesu, amin.

'Yan'uwa, duk wanda ya karanta wannan, Kirista ko Musulmi, ina roƙonku ku sa shi a addu'a, ku sa Mama. In an tsayar da ranar jana'iza zan sanar a nan.

Ku kuma da za ku je gaisuwa Romi, kada ku tafi hannu sake. Ku tafi da abinci, ku zauna kusa da ita har sai ta ci.